Mai Sharar Gidan Kafinta

Shafi na 8

Masu turo saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa. Wadda ta tambaya ko ƙirƙira nake yi, 'yata, da ina da wannan basirar da na ƙirƙiro wa kaina abin da ya fi haka daɗi.

Ga waɗanda yau suka shigo: mijina kafinta ne, kuma a lokacin da wannan abu ya faru watansa biyar da rasuwa. Yaranmu biyu, Babba da Auta, suka ce a sayar da gidan kowa ya samu abin kama wa. Na yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Ɗakin baya, inda marigayi yake ajiye katako da kayan aikinsa, a yanke mini shi, a fasa masa ƙofa ta lungu, in ƙarasa kwanakina a ciki. Babba ya dafa kafaɗata ya ce, "Inna, ko ba ki faɗa ba." Ba a daɗe ba na kwashe kayana na koma can.

To, mun tsaya inda Dillali ya shigo.

Gajeren mutum ne mai takalmi mai ƙara. Ba ya zama. Kuma shi da hanci yake fara duba gida. Ya tsaya tsakiyar falo ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

"Mama, gidan nan yana warin mutane."

"To warin me kake so ya yi? Mutane ne a ciki."

"Mai saye ba ya son ya ji warin wani. So yake ya shigo ya ga kamar tun da aka aza tubalin farko shi ake jira."

Sati uku aka yi ana cire mu daga gidan.

Aka fara da hotuna. Sai labule. Sai ƙusoshi. Marigayi ba ya iya ganin bango a fili, ƙusa ce maganin komai a wurinsa. Ta makulli daban, ta hula daban, ta rediyo, ta rariyata, har da wata a bakin ƙofa da babu wanda ya san aikinta sai shi. Mai fenti ya yini yana zara, sai da ya cika gwangwanin madara.

"Mama, wai kafinta ne maigidan, ko faɗa yake da bango?"

Na yi dariya. Da ya juya baya na ɗauke gwangwanin.

Bangonmu shuɗi ne, ni na zaɓa ina amarya. Aka mayar da shi fari fat, falo da ɗakuna da kicin, kamar asibiti. Kujerunmu aka tura ɗakin baya, aka kawo na haya masu ruwan madara, waɗanda Dillali ya ce kada kowa ya zauna a kai. Aka ajiye kwano a tebur cike da lemo da ayaba. Na ɗauka zan wanke, na ji ba nauyi. Ashe na roba ne.

Duk wannan na haɗiye. Katakon riƙo ne ya tsaya mini a wuya.

Shekara biyu kafin ya rasu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya ƙi sanda, ya ƙi a riƙe shi. Da hannu ɗaya ya fere dogon katako ya goge shi sumul, ya kafa a bango tun daga ƙofar ɗakinmu har banɗaki. Ni ke riƙewa, shi yana bugawa. Sau biyu yana sauke mini guduma a yatsa, kuma duk biyun cewa ya yi laifin mai riƙo ne. Tsakiyar katakon har ta yi duhu saboda tafin hannunsa.

Dillali ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota.

"Wannan fita zai yi."

"Ba ya tare hanya."

"Magana yake yi, Mama. Cewa yake a nan an yi jinya. Mai saye zai fara tunanin wane ciwo, a wane ɗaki, ya tashi ko bai tashi ba."

"Babba, ka ji fa."

Babba bai dube ni ba. Ya shiga ɗakin baya ya ɗauko akwatin kayan aikin ubansa, ya kwance katakon da kansa. Mai fenti ya toshe ramukan ya shafe.

Daga nan sai dokoki. Ranar da za a zo kallo kada a soya albasa, kada a dafa kifi. A buɗe tagogi tun safe. A kunna kowane ƙwan lantarki ko da rana tsaka. A ɓoye bokitai, don bokiti yana tona asirin famfo. Kaji su tafi maƙwabta. Igiyar shanya a kwance.

"Ta ƙarshe kuma, Mama, kada a same ki a gida."

"Ni ma bokiti ce?"

"A'a, haba. Mai saye yana jin nauyin ya kushe gida a gaban mai shi. In bai kushe ba kuwa, ba zai taya ba. Kuma ke fuskarki..."

"Me fuskata ta yi?"

"Tana ba da labari."

Haka nake yi. Duk ranar kallo in share, in goge, in kulle ɗakin baya, in tafi gidan maƙwabciya in zauna ni da kajina har su watse. Mutum shida suka zo a haka. Babu wanda ya dawo.

Na bakwai aka ce ƙarfe huɗu na ranar Asabar.

Ƙarfe biyu ina durƙushe a falo da tsohuwar wuƙa, ina kankare ɗigon fenti da ya bushe a ƙasa. Zanen aiki ne a jikina, duk tabon fari, ɗankwalina ya zame. Sai na ji takalmin Dillali. Kafin in miƙe, gwiwoyin nan nawa da sai na lallashe su, har sun shigo.

Dillali a gaba. Bayansa wani dogo mai gilashi, Injiniya suke kiransa. Sai matarsa, yarinya ce ba za ta wuce Auta ba, da tsohon ciki, tana dafe da ƙugu. Babba ne a ƙarshe.

Dillali ya gan ni, fuskarsa ta canza, nan take kuma ta gyaru.

"Yawwa, wannan Iya ce, mai kula da gidan. Ita ke mana shara."

Na dubi Babba.

Babba yana duban silin, kamar yau ya fara ganinsa.

"Sannu da aiki, Iya," in ji matar, har da ɗan rusunawa duk da cikin.

Na ji bakina ya ce, "Yawwa, sannunku da zuwa."

Wallahi ban san lokacin da na faɗa ba. Kun san yadda in an miƙo maka abu hannunka yake karɓa kafin ka duba mene ne.

Injiniya ba mai yawan magana ba ne. Yana bin bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kasa kunne. Ya buɗe ƙofar falo ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wa ya yi ƙofofin nan?"

"Mahaifina," in ji Babba.

"Ya san aiki. Yanzu ba a samun irin wannan haɗin." Ya shafa gefen ƙofar. "Yana ina?"

Dillali ya riga Babba. "Allah ya yi masa rasuwa, amma ba a nan ba. A asibiti, can nesa. Gidan nan ko zazzaɓi ba a cika yi ba. Uwargidan kuma ta koma wurin 'yarta tuntuni."

Yana wannan magana yana dafe da doguwar kujerar haya. Daidai nan tabarmar marigayi take a ranar da ya cika. Daidai nan na zauna na ɗora kansa a cinyata, yana ce mini in buɗe taga yana jin zafi, alhali tagar a buɗe take.

Wuƙar tana hannuna. Na sunkuya na ci gaba da kankara, don ban san inda zan kai idona ba.

"Wai, ƙishi nake ji," in ji matar.

Babba ya juyo. "In..." Ya tsaya. "Iya, a kawo mata ruwa."

Wata tara na ɗauki cikin yaron nan. Ya zo da ƙafa, sai da aka yi kwana biyu ana abu ɗaya.

Na ce, "To."

Matar ta biyo ni kicin, ta ce ita dama kicin ta zo gani, su je can su yi ta bugun bango. Ta kama ƙofar kabad ta ja, ta ƙi buɗewa.

"Ɗaga ta sama kaɗan tukuna."

Ta ɗaga, ta buɗe. Ta murɗa famfo, ya yi tari bai kawo ba.

"Mayar da shi baya, ki sake. Ba ya son gaggawa."

Ruwa ya zubo. Ta yi dariya.

"Iya, kin san gidan nan kamar yunwar cikinki. Shekara nawa kina aiki a nan?"

"Talatin da huɗu."

"Talatin da huɗu! Ko haihuwata ba a yi ba. Ba ki taɓa canza gida ba?"

"Ba su taɓa sallamata ba."

"Lallai mutanen kirki ne. Maigidan yana da faɗa?"

"Yana da shi. Amma ba ya kwana da shi."

"Uwargidan fa?"

Na miƙa mata kofi. "Ita ba ta da wayo sosai. Duk abin da aka faɗa mata yarda take yi."

"Haba Iya, kina gulmar uwar ɗakinki." Ta shanye ruwan tana dariya. Ta matso ta rage murya. "Faɗa mini gaskiya, tsakanina da ke. In ana ruwa rufin yana yoyo? Waɗannan dillalan ko rami ne cewa za su yi rijiya ce ta kyauta."

"Ba ya yoyo. Duk shekara kafin ruwan farko maigidan yake hawa da kansa. Da ya kasa hawa, yana ƙasa a kujera yana nuna wa wanda ya hau."

"Rana fa? Ina take faɗowa da safe?"

"Ɗakin gabas. In kin haihu can za ki sa gadon. Da hantsi yana da ɗumi, da yamma kuma inuwar katanga tana rufe shi. Yaran gidan nan duka a can aka yi renonsu."

Ta dube ni ta ɗan jima.

"Tun da muka fara yawon neman gida, yau ne aka faɗa mini abin da nake son ji."

Muka fito. A hanyar banɗaki nauyin cikin ya sa ta dafa bango tana tafiya. Sai ta tsaya. Ta mayar da hannunta baya, tana lalube.

"Nan akwai wani abu da. Ga tabo, ga wani, a jere."

"Katako ne."

"Na mene ne?"

"Na riƙewa."

"Kash. Da sun bar shi. Ni da dare sai na bi bango nake kai kaina banɗaki."

Na kau da kai. Ina tsoron in na buɗe baki ba magana ce za ta fito ba.

Muka same su a tsakar gida. Injiniya yana auna faɗin wurin da taku, yana cewa mota za ta shiga in an matsar da tanki. Matar ta nuna da haɓa.

"Wancan ɗakin fa, mai kwaɗo?"

Wannan kam na san amsarsa, har na ji ƙarfi a muryata.

"Wancan ba ya ciki."

Dillali ya ƙyalƙyale da dariya. "Iya ke nan! Yana ciki mana. Ɗakin mai aiki ne, ga banɗakinsa a gefe. Duk abin da katangar nan ta kewaye yana ciki, har da wannan turmin in kuna so."

"Ba ya ciki," na sake cewa. "Za a yanke shi. Za a fasa ƙofa ta lungu."

"Wane lungu? Lungun ai na maƙwabci ne. Iya, kawo makulli, kada mu tsayar da mai juna biyu a rana."

Na juya wurin Babba. Yanzu kam ya dube ni. Idonsa ya yi ja.

"A buɗe musu," ya ce.

Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Hannuna ya kasa kwance ƙullin, sai matar ce ta taya ni.

Suka leƙa. Gadona ne, da kujerunmu a kife kan juna, da akwatin kayan aikin marigayi, da hotunanmu da na naɗe a tsohon zane na jingina a bango. Hularsa tana kan matashina.

"Kayan masu gidan ne aka tara," in ji Dillali. "Ƙarshen wata za a kwashe."

"Iya fa?" in ji matar.

"Ita ma. Ku zo ku ga tankin, sabon famfo muka sa masa."

Suka zagaya baya. Babba zai bi su na riƙe masa riga. Na jawo shi ciki na tura ƙofar.

"Faɗa mini."

"Inna, ba yanzu ba."

"Au, yanzu na koma Inna?"

Ya zauna a bakin gadon, ya sa kai cikin hannuwa.

"Na je ofishin filaye. Sau uku na je. Sun ce filin ya yi ƙanƙanta, ba ya yankuwa. Ko ya yanku, ɗakin ba shi da hanyar fita ta kansa. Na roƙi maƙwabci ya sayar mana da taku biyu na lungun, ya ce shago zai gina."

"Yaushe ka sani?"

Bai ɗago ba.

"Kafin fenti ko bayan fenti?"

"Kafin."

"Ka bar ni na kwaso gado na kawo nan. Ka taya ni ɗauka ma. Kai ka riƙe wajen kai."

"Inna..."

"Takardar da na dangwala wa hannu fa? Ka zauna a gabana ka karanta mini ita, kana fassarawa. Ka ce ban da ɗakin baya. Da kunnena na ji."

"Ba a rubuce yake ba. Ni na ƙara da baki." Ya dubi ƙasa. "Akwai layin da ya ce gidan duka, da duk abin da ke cikinsa. Na tsallake shi."

Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da aka rubuta da harshenmu ina bi a hankali, kamar yadda kuke gani. Amma takardar ofis, tun ina yarinya sai dai in dubi fuskar mai karantawa. Shekara talatin da huɗu fuskar ubansa nake duba. Da ya tafi na koma duban tasa.

"To ina za ka kai ni?"

"Wurin Auta."

"Auta ta sani?"

"Ta ce za ta yi wa mijinta magana."

"Yaushe ta ce?"

"Wata ɗaya ke nan."

"Har yau ba ta yi ba?"

"Ta yi." Ya goge hanci da bayan hannu. "Bai ce komai ba."

Auta tana hawa na uku, ɗaki biyu, da uwar mijinta a ɗaya. Sau ɗaya na taɓa hawa benen nan, sai da na huta sau huɗu.

"Wurinka fa?"

Sai ya fashe da kuka. Ƙato da shi, mai 'ya'ya uku, yana toshe baki da hular ubansa don kada baƙi su ji.

"Inna, ba ni da wuri. Masana'antar da nake aiki rufewa za ta yi. Sun ba mu wata biyu mu tashi daga gidajen ma'aikata. Ban faɗa miki ba, ga rasuwa, ga wannan. Na ce in aka sayar zan kama mana wuri ko ɗaki biyu ne, in ɗauke ki, kafin nan ki ɗan zauna wurin Auta. Na ɗauka zan gyara komai kafin ki sani."

"Wata biyu daga yaushe?"

"Saura sati uku."

Na zauna kusa da shi.

Na so in mare shi. Na so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba. Ina ta kallon hannunsa, yatsun irin na ubansa ne sak, gajeru masu faɗi.

"Mutum shida sun zo sun tafi, Inna. Wannan kaɗai ne ya ce a nuna masa takarda. In ya gane mun yi masa ƙarya a kanki, zai ce me kuma muka ɓoye. Irin mutanen nan ne masu bin layi-layi. Don Allah. Don yaran nan. Ki daure na yau kawai."

"In daure in zama me?"

Takalmin Dillali ya dawo.

Na karɓe hular na mayar kan matashi. Na ce ya goge fuskarsa. Na ɗauki tsintsiya a bayan ƙofa, don in aka ga mai shara ta kulle ƙofa da ɗan masu gida a san dalili. Muka fito.

Injiniya yana tsaye a inuwar katanga da takardu a hannu, yana bi da yatsa. Matar ta zauna a kan turmina da aka kife. Tana ganina ta yafito ni.

"Iya, zo mana. Mun yi magana da shi. Gidan ya yi mana."

Dillali ya tafa hannu. Babba ya sauke numfashi har na ji.

"Amma akwai abin da nake so in tambaye ki. In an kwashe kayan nan, ina za ki?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ba ki da 'ya'ya?"

Tsintsiyar ta yi mini nauyi.

"Ina da su. Kowa da abin da ya dame shi."

"Haka yaran yanzu suke," in ji Dillali, yana girgiza kai. Wallahi haka ya ce.

"To ki ji," in ji matar. "Ni uwata tana nesa, kuma ba ta da lafiyar tafiya. Wannan ne na fari, ban san komai ba, ko wankan jariri ban iya ba. Shi kuma yana fita tun safe. Ki zauna a ɗakinki. Ba sai kin kwashe komai naki ba. Shara da ɗan girki, in na haihu ki kama mini. Ba zan takura miki ba, Iya, na ga gwiwarki."

Dillali ya yi tari. "Ai Iya ta tsufa, hutawa ya kamata ta..."

"Ba kai na tambaya ba."

Babba ya buɗe baki. Na jira. Allah ya sani na jira shi, na ba shi lokaci har sai da shirun ya yi yawa. Ya dubi takardun da ke hannun Injiniya, ya rufe bakinsa.

Na dubi ƙofar ɗakin. Na dubi tagar kicin, inda nake tsayawa in hango marigayi yana fere katako, fensir a bayan kunne. Na tuna benen Auta.

"Zan iya," na ce.

"Inn..." Babba ya yi wani sauti kamar an taka shi.

"Alhamdu lillahi," in ji matar, ta kama hannuna. Tafinta da taushi, da ɗumi. "Kin ga shi ke nan, na samu gida na samu uwa."

Injiniya ya ɗago kai daga takarda, ya gyara gilashi.

"Ban ƙi ba. Amma ni ba na sa mutum a cikin gidana sai na ji shaidarsa daga inda ya yi aiki. Kada ki ji haushi, Iya, haka nake yi da kowa."

"Ni zan ba da shaida," in ji Babba da sauri. "A hannunta na girma. Ba ta taɓa..." Ya kasa ƙarasawa.

"Kai ɗan gida ne, me ka sani? Uwar ɗakinta nake so. Mace ita ta san wadda ta zauna da ita shekara talatin. Dama ina son in gaisa da ita, ba na sayen gida ban ji muryar mai shi ba."

"Ai ba ta cika ɗaukar waya ba," in ji Dillali. Goshinsa ya fara tsattsafo da gumi. "Tsufa, ga rashin da aka yi. Yanzu haka ma barci take. Ku bari ni zan haɗa ku gobe."

"In ba ta ɗauka ba sai mu bari goben." Matar ta miƙa hannu ta karɓi takardun wurin mijinta, ta buɗe shafin ƙarshe. "Ga ma lambarta nan, ƙasan inda ta dangwala."

Ta ciro wayarta daga jaka. Tana karantawa a fili tana dannawa, ɗaya bayan ɗaya. Ni da ban iya riƙe lambar kowa ba, wannan na san ta.

Dillali yana yi wa Babba ido. Babba yana yi mini ido. Hannuna ɗaya yana cikin nata, ɗayan yana riƙe da tsintsiya.

Ta kara wayar a kunne, ta yi mini murmushi.

"Kada ki damu, Iya. Na san alheri za ta faɗa."

Marigayi ne ya saita mini ƙarar wayata, ya kai ta ƙarshe, don ya ce kullum sai ya kira sau biyar kafin in ji.

Daga cikin zanena, daidai ƙugu, wayar ta fara kuka.